Ɗan Doka A Makarantar Shugabanci: Daga Tashar Gagarawa Zuwa Dutsen Kamaru

Wanda ya tashi a ƙasar Gumel bai san babban dutse ba, bai san kogi ba. Daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, daga can zuwa Maigatari a bakin iyakar Nijar, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai rairayi, ta gero da gyaɗa da riɗi. Ruwan shan mutane na rijiya ne mai zurfi, kududdufin damina kuwa ba ya ganin bazara. To, a ce an zaɓi ɗan doka daga irin wannan ƙasa, an tura shi kos na wajen wata guda, inda kullum safiya zai faɗa cikin teku, kafin kos ya ƙare kuma ya hau dutsen da ya fi ko wane dutse tsawo a Afirka ta Yamma. Masu karatu sa ce almara mu ke yi. Amma an yi wannan makaranta, har wa yau kuma tana nan, ko da ya ke ta sake mazauni. Labarin zaman da a ke yi cikinta mu ke so mu bayar, da abin da zaman ya ke nema ya yi wa mutumin da aka ɗora wa kulki a hannu.

Sai mu fara tuna wa yaran yanzu ko wane ne ɗan doka. Zamanin En'e 'yan sanda iri biyu ne a Jihar Arewa. Akwai na Gwamnati, waɗanda Sufeto Janar ya ke shugabanta daga Ikko, akwai kuma 'yan doka, watau 'yan sandan Sarki, waɗanda baitulmalin ƙasarsu ke biya. Asalinsu daga dogarai ne. Cikin shekarun 1920 aka shiga ware su, aka sa musu kayan sarki, aka koya musu fareti da rubuta ƙara. Don aikin ya yi kwarjini sai aka riƙa ɗora 'ya'yan sarakuna a kansa. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya shugabanci 'yan dokan Katsina kafin ya hau gado cikin 1944, Sarkin Kano Ado Bayero kuma ya riƙe Wakilin Doka kafin a naɗa shi cikin 1963. En'e ta Gumel, wadda ta ke cikin Lardin Kano a lokacin, ƙarama ce in aka gwada ta da ta Kano, baitulmalinta ma haka, amma aikin ɗan dokarta ba ƙarami ba ne. Shi ne a kasuwar Maigatari ran Alhamis, tsakanin raƙuma da shanun da suka ƙetaro daga ƙasar Faransi. Shi ne wurin awon gyaɗa da kaka, shi ke raka mai karɓar haraji da jangali, shi ke kai sammacin alƙali ƙauyen da ba hanyar mota. A irin ƙauyen nan, shi kaɗai ne hukumar da talaka ya ke gani da idonsa.

Asalin makarantar

Cikin 1951 wani Bature, Mista Alec Dickson, tare da matarsa Mora, suka buɗe makarantar a wani lungun teku da a ke kira Man O' War Bay, kusa da garin Biktoriya, a Kudancin Kamaru, wadda a lokacin a ke mulkinta tare da Nijeriya. Sunan wurin ya samo asali daga jiragen yaƙin Ingila da su ke fakewa can a ƙarni na 19 suna dakon jiragen masu fataucin bayi. Dabarar makarantar kuwa an ɗauko ta daga wata da aka kafa a ƙasar Wales cikin 1941, sa'ad da a ke Yaƙin Duniya na Biyu. An lura a lokacin cewa in an nutsar da jirgin 'yan kasuwa, samari majiya ƙarfi su ke fara mutuwa cikin kwalekwalen tsira, dattawan da suka saba da wuya su ke kai labari. Aka ce ashe ba ƙarfin jiki ne ya gaza ba, zuciya ce ba ta taɓa sanin iyakarta ba. Sai aka shirya horon da zai sa saurayi ya gamu da tsoro da gajiya tun kafin ranar da za su zo masa ba sallama.

Abin da ya dami Mista Dickson a nan ƙasar dabam ne, kuma ya shafi masu karatunmu kai tsaye. Ya ga cewa wanda ya yi ilmin boko, ya sami kujera a ofis ko ya riƙe alli, sai ya ɗauka ya yi ban kwana da fartanya ke nan, har ya riƙa ganin aikin hannu ƙasƙanci ne, mutanen ƙauye kuwa abin a yi musu tsawa. Ga shi kuma mulkin kai yana tafe, waɗannan samari su za a miƙa wa ƙasa. Don haka ma'aikatun Gwamnati, da En'e-En'e, da kamfanoni, suka riƙa aiko da mutanensu: akawuna, da malaman makaranta, da ma'aikatan daji da na tsabta, da 'yan sanda. Wannan gauraya ba kuskure ba ce. An nufi ɗan sanda ya kwana ɗaki ɗaya da mutanen da gobe zai iya tsayarwa a hanya.

Tafiyar kanta rabin kos ce. Mutumin Gumel zai hau jirgin ƙasa a tashar Gagarawa, kan layin da ya tashi daga Kano ya isa Nguru cikin 1930. Daga Kano ya yi kudu, kwana da kwanaki, yana kallon ƙaya da kuka suna ɓacewa, kurmi yana rufe taga, har ya kai bakin teku ya shiga jirgin ruwa. Ƙasarsu ruwan shekara bai cika wuce inci 25 ba. A gindin Dutsen Kamaru akwai wani ƙauye, Debundscha, inda ruwan shekara ya kan kai inci 400. Rairayin bakin tekun ma baƙi ne, gama dutsen mai aman wuta ne.

Yadda a ke wuni

Abu na fari da a ke karɓewa daga hannun mutum shi ne muƙaminsa. Saje ya ajiye igiyoyinsa, akawu ya ajiye alƙalaminsa, ɗan sarki ya ajiye rawaninsa, kowa ya shiga gajeren wando. Sa'an nan a rarraba su ƙungiya ƙungiya, a kuma tabbata ba a bar 'yan gari ɗaya wuri ɗaya ba. Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri da mutumin Kamaru, tare za su ci, tare za su kwanta, tare za a yaba musu ko a zarge su. Mai karatu ya tuna shekarun da mu ke magana a kai. Cikin Mayu 1953 aka yi tarzomar Kano, aka kashe mutane tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu. A irin wannan zamani ne a ke ce wa saurayi ya riƙe igiyar da ran ɗan wata ƙabila ya ke rataye a kai.

Tun gari bai waye ba a ke tashi. Musulmi ya yi sauri ya ba da farali, gama da an busa sai gudu, daga gudu sai teku. Ga ɗan Gumel wannan ita ce sa'a mafi wuya a cikin wuni. Mutum ne da in ya ɗaga kulki a kasuwa 'yan daba su watse, ga shi yanzu ruwa iyakar ƙirji, igiyar ruwa tana tahowa kamar gini, ƙafarsa tana rawa, wani yaro malamin makaranta daga bakin kogin Kalaba, wanda bai kai shi shekaru ba, yana tallafe da haɓarsa yana ce masa ya saki jiki. Ba a tilasta wa kowa ya zama gwanin iyo. Abin da a ke dubawa shi ne ko gobe zai komo ya sake shiga. Waɗansu su kan yi fushi, waɗansu su ƙirƙiro ciwon ciki, malaman kuwa sun san irin wannan ciwo, suna kuma rubutawa.

Bayan karin kumallo sai aikin hantsi. Abincin ƙasar ayaba ne da gwaza da rogo da kifi da manja, wanda ya saba da tuwon gero da fura sai ya ɗaure. A kan koyi tuƙin kwalekwale, da ƙulla igiya, da taimakon farko ga wanda ya ji rauni ko ya sha ruwa, da hawa da sauka kan igiyoyin da aka ɗaura tsakanin itatuwa. Shara da ɗiban ruwa da wankin kwano na kowa ne. Mu a ganinmu wannan ya fi teku taɓa zuciyar ɗan doka, domin a bariki fursuna ne ke yi masa shara, a ƙauye kuwa kafin ya sauka daga keke an kawo masa ruwa.

Akwai wani bango da a ke kai ko wace ƙungiya gabansa. Ya fi tsawon da mutum ɗaya zai iya kamawa, ba tsani, ba igiya, a ce duk su ƙetare. Na farko ya kan taka kafaɗun 'yan'uwansa ya hau. Na tsakiya a turo su daga ƙasa a jawo su daga sama. Wuyar tana wurin na ƙarshe, wanda ba sauran kafaɗar da zai taka. In ƙungiya ba ta yi shawara tun da fari ba, sai ka ga an bar mai jiki a ƙasa, ƙarfafa duk sun haye suna leƙowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa ya san wannan tun yana yaro, amma a gindin bangon nan ne a ke gane wanda ya san shi da baki kaɗai. Malamin da ke tsaye gefe ba ruwansa da wanda ya riga hawa. Idonsa yana kan wanda ya tsaya ya lissafa, wanda ya ba da ƙafadarsa aka taka da taɓo, da wanda ya yi ta tsawa ba mai jinsa.

Tsawar nan ita ce ainihin maganar. A fareti an koya wa kurtu ya bi umurni, an koya wa kofur ya bayar, kuma abin da ke sa a bi shi ne igiyar da ke hannun rigarsa da hukuncin da ke bayanta. A nan ba igiya ba hukunci. Ran da ragamar ƙungiya ta zo hannun mutum, ba shi da abin da zai sa mutum goma sha su bi shi sai dai su yarda da shi: ya yi musu bayani, ya ji ta bakinsu, ya raba aiki da adalci, ya ɗauki kaya mafi nauyi. Ran da ragama ta koma hannun wani, ko da ƙaninsa ne a shekaru da aiki, sai ya bi. Sau da yawa wanda ya fi kowa murya a filin fareti shi ke shan wuya a nan, wani shiru-shiru da ba a zata ba ya fito.

Da la'asar wasanni. Da dare, bayan an ci abinci, a zauna a fitila, a yi lacca ko muhawara kan zaman ƙasa, ko a ce wa mutum ya tashi ya ba da labarin garinsu. Nan ɗan Gumel ya ke ramawa. Waɗanda suka yi masa dariya da safe ba su taɓa ganin raƙumi ba, ba su san yadda a ke bin sawun ɓarawon shanu a rairayi ba, ba su san a kan yi tafiyar wuni ba a ga ruwa ba. Nan kuma ya ke jin abin da ba mai iya faɗa masa a gida. Akawu zai tashi ya faɗi yadda ɗan sanda ya karɓe masa sule biyu a kan fitilar keke, malami ya faɗi yadda aka mari uban ɗalibinsa a gaban jama'a. Ba caji ofis da za a kai su, sai ya saurara, in yana da amsa ya bayar.

Dutse da ƙauye

Dutsen Kamaru ya haura ƙafa 13,000. Daga garin Buea a ke fara hawa, a ratsa kurmi, a fita fili mai ciyawa, daga nan sai baƙin tsakuwa da iska. Akwai bukkoki a hanya inda a ke kwana. Can sama numfashi ya kan yi wuya, kai ya yi ciwo, sanyin kuwa ya wuce na hunturun da aka sani a Arewa. Mutanen ƙasar suna da nasu camfe-camfe game da dutsen, baƙo kuma ya kan taho da nasa tsoron aljannu. Ƙa'ida ita ce ƙungiya ta tafi da saurin mafi rauninta. Wanda ya bar 'yan'uwansa ya riga su kai wa ƙoli bai ci komi ba.

Kada a ɗauka wasa ne. Akwai lokacin da 'yan kos biyu suka rasu a kan dutsen, abin ya girgiza makarantar ƙwarai, bayan haka kuma Mista Dickson ya bar ta. Shi ne daga baya, cikin 1958, ya kafa ƙungiyar nan ta VSO mai aiko da samarin Ingila aikin sa kai, waɗanda da yawa daga cikin dattawanmu suka yi karatu a hannunsu. Mutuwar nan ta ta da tambayar da har yanzu masu irin wannan horo ba su gama amsawa ba, watau ina iyakar wuyar da ta halatta a ɗora wa ɗan wani da sunan gyaran hali. Makarantar dai ta ci gaba bayansa.

Sashen kos da ba a cika ba da labarinsa ba, mu kuwa mu ke ganin ya fi hawan dutse amfani ga ɗan sanda, shi ne aikin ƙauye. A kan kwashi 'yan kos a kai su wani ƙauye mai bukatar gada, ko hanya, ko wurin ɗiban ruwa, su zauna can su yi aikin tare da masu garin. Ba su zo da takardar Di'o ba, ba su da ikon tara mutane. In suna son a fito sai su je wurin dattawa su gaishe su, su nemi yarda, sa'an nan su fara ɗaukar kwanon ƙasa a kansu don a gani. Bahaushe ya san gayya, amma ɗan doka ya fi sanin aikin tilas, inda shi ke tsaye a inuwa yana ƙirga kawuna. Ran da ya ga tsohuwa ta kawo masa ruwa don ta ga gumi a jikinsa, ba don tsoron jar dararsa ba, ya koyi abin da ba a rubuta shi cikin littafin dokoki.

In kos ya ƙare ba jarrabawar takarda. A kan rubuta rahoto kan halin ko wane mutum a aika wa waɗanda suka turo shi: yadda ya yi sa'ad da ya gaji, yadda ya yi da na ƙasa da shi, ko a kan iya dogara da shi in ba mai kallo. Akawunan En'e na wancan zamani su suka san inda irin wannan takarda ta kan ƙare. Wata a karanta ta ran da za a yi ƙarin girma, wata kuwa ta shige fayil, gara ta riga kowa karantawa.

Bayan an komo gida

Nan ne gizo ya ke saƙar. Mutum ya sauka a tashar Gagarawa ya mai da igiyoyinsa, ya tarad da komi yadda ya bar shi. Albashinsa daga baitulmali ya ke fitowa, hakimi ke iya sa a ɗaga shi ko a kore shi. Shekarun nan kuwa su ne na zaɓe, na 1954 da 1956 da 1959, jam'iyyar NPC tana riƙe da mulki, NEPU tana hamayya. Tarihi bai ɓoye ba cewa a wurare da yawa na Arewa an yi amfani da 'yan doka da kotunan alƙalai wajen hana 'yan hamayya taro da ɗaure su, kamar yadda aka yi da 'yan sandan ƙananan hukumomi a Jihar Yamma. Wata guda a bakin teku ba ya kankare wannan. Makaranta ta koya wa mutum ya tsaya ya ji ta bakin na ƙasa, amma ba ta ba shi abin da zai ci ba in ya ƙi umurnin na sama. Iyakar abin da za mu ce shi ne akwai ayyuka da yawa na yau da kullum da ba ruwan hakimi da su, kamar rabon faɗa tsakanin manomi da makiyayi, da yadda a ke kama mutum gaban iyalinsa, da ko za a taɓa kayan mai tallar da ba ta da kowa. A cikin waɗannan ɗan doka shi kaɗai ne da zuciyarsa, a nan kuma kos ya ke iya nunawa.

Koke-koken da aka yi ta yi a kan 'yan doka su suka kai su ƙarshe. Bayan juyin mulkin soja na 1966 aka mai da su ƙarƙashin Sufeto Janar, cikin 'yan shekaru kuma aka narkar da waɗanda suka cancanta cikin 'Yan Sandan Nijeriya, sauran aka sallame su. En'e kanta ta bi baya da gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Tun 1991 ƙasar Gumel tana cikin Jihar Jigawa, ɗan sandan da ke tsaye a kasuwar Maigatari yau na Tarayya ne, mai yiwuwa ma ba ya jin Hausa sosai. Masu neman a ba jihohi 'yan sandansu, maganar da a ke ta yi a 'yan shekarun nan, ya kamata su nemi tsofaffin da suka ga zamanin 'yan doka tun suna raye, su tambaye su duka biyu, amfanin ɗan sandan da ya san kowa a gari, da haɗarin wanda mai gari ke biya.

Makarantar ita ma ta yi ƙaura. Ran 11 ga Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, Kudancin Kamaru ta zaɓi haɗewa da Jamhuriyar Kamaru, ran 1 ga Oktoba na shekarar ta fita. Garin Biktoriya ma tun 1982 sunansa Limbe. Sai aka ɗauko makarantar aka kawo ta Kurra Falls a ƙasar Filato, daga baya ta zauna a duwatsun Shere, gabas da Jos, aka kuma buɗe reshen ruwa a Apapa ta Ikko. Gwamnatin Tarayya ke riƙe da ita, sunan Man O' War kuwa ya bi ƙungiyoyin samarin nan masu kayan sarki da a ke gani a makarantu da wuraren taro. 'Yan sanda suna da nasu manyan makarantu, da ta hafsoshi a Jos, da ta Wudil, amma ba su daina tura mutanensu Shere ba. Ɗan Gagarawa da aka zaɓa yau wuni guda ya ishe shi a mota. Ba teku a can, dutsen kuma wajen ƙafa 6,000 ne, bai kai rabin na Kamaru ba. Sanyin asuba na Jos dai bai rage komi ba, bangon nan kuma har yanzu a kan kai ko wace ƙungiya gabansa, ba tsani, ba igiya.